Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙarfi da Raunin 'Yan Damben Boksin Ajin Masu Nauyi

Tun daren 7 ga Disamba 2019, da Anthony Joshua ya ƙwato kambunansa daga hannun Andy Ruiz a Dir'iyya, manyan damben ajin masu nauyi suke zuwa mana har gida a nan Saudiyya. Duk wanda aka yi, washegari sai musu ya kaure a majalisun 'yan uwa, daga Shara Mansur a Makka har Jidda da Riyad, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Su muka tattara a nan.

Daga kilo nawa ake kiran mutum ɗan ajin masu nauyi?

Daga abin da ya haura kilo 90.7, wato fam 200. Ƙasa ce ke da iyaka, sama ba ta da ita. Shi ya sa mai kilo 97 zai iya hawa da mai kilo 128, kamar yadda Deontay Wilder ya yi da Zhilei Zhang a Riyad ranar 1 ga Yuni 2024. Damben kambu turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, hutu minti ɗaya, safar hannu kuma mai nauyin giram 280 da ɗoriya. Manyan kambuna huɗu ne, na hukumomin dambe huɗu: WBA, WBC, IBF da WBO.

A dambenmu na gargajiya wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Me ya sa a boksin mutum zai faɗi kuma a ce shi ya ci?

Saboda a boksin faɗuwa maki take ci, ba dambe ba, muddin mutum ya tashi kafin alƙalin wasa ya ƙirga goma kuma aka ga hankalinsa na jikinsa. Alƙalai uku ne a gefe, kowa na ba da makinsa turmi-turmi. Wanda ya ci turmi a ba shi maki 10, ɗayan 9. In an kai mutum ƙasa, yawanci 10 da 8. Ke nan wanda ya kayar da abokin karawarsa sau biyu amma ya bar turmi takwas suka kuɓuce masa, ya sha kaye. Haka ta faru da Zhang ranar 8 ga Maris 2024 a Riyad: sau biyu yana kai Joseph Parker ƙasa, amma Parker ne ya yi aiki a sauran turamen, aka ɗaga hannunsa. Samuel Peter na Najeriya ma sau uku ya kayar da Wladimir Klitschko a 2005, ya kuma rasa damben a maki.

In ana kwatanta 'yan dambe biyu, me ya kamata a fara dubawa?

Ƙafa da numfashi. Yawancin masu kallo hannu suke bi da ido, alhali ƙafa ce ke yanke inda za a yi damben: nesa, inda dogo ke jin daɗi, ko kusa, inda gajere ke cin kasuwarsa. Wanda ya mallaki tazarar da ke tsakaninsu shi ke zaɓar lokacin da za a yi musayar naushi. Numfashi kuma shi ke nuna ko zai iya riƙe wannan tazara har turmi na goma sha biyu ko kuwa ƙafar za ta mutu a na bakwai.

Bayan waɗannan sai zungurin hannun gaba, wanda da shi ake auna nesa a kuma rufe wa mutum ido kafin babban naushi ya iso. Sai jure duka da saurin farfaɗowa, sai iya sauya dabara a tsakiyar dambe. Ƙarfin naushi muna sa shi a ƙarshe, ba don ba shi da amfani ba, sai don kusan kowa a wannan aji na da wanda zai kashe mutum da shi. Abin da ke bambanta su shi ne wa zai iya kai shi inda ake so. Duba amsar da ke kan Wilder.

Ashe ba wanda ya fi girma ke da rinjaye ba?

Yana da shi, in ya san yadda zai yi da girman. Tsawon hannu na ba mutum damar taɓa abokin karawa daga inda shi ba a taɓa shi, nauyi kuma na aiki wajen runguma. Amma kowane kilo sai an ciyar da shi da iska. Andy Ruiz ya zo Dir'iyya da kilo 128, ƙarin kusan bakwai a kan nauyinsa na damben farko, Joshua kuwa ya rage zuwa kilo 107. Turmi 12 Ruiz na bin sa bai cim masa ba, duk da hannunsa ya fi na Joshua sauri. Tyson Fury ma ya ƙara nauyi a dambensa na biyu da Oleksandr Usyk, daga kilo 119 zuwa wajen 127, sakamakon sai ya fi na farko muni gare shi.

To me Oleksandr Usyk yake yi da manya suka kasa magancewa?

Usyk tsawonsa santimita 191, nauyinsa bai cika wuce kilo 103 ba, daga ajin da ke ƙasa ya hauro bayan ya haɗe kambunansa huɗu a 2018. Ya doke Joshua sau biyu, a Landan a 2021 da Jidda ranar 20 ga Agusta 2022. Ya doke Fury sau biyu a Riyad, ranar 18 ga Mayu da 21 ga Disamba 2024. Ya kashe Daniel Dubois sau biyu. A ganinmu, a wannan zamani babu wanda ya kama ƙafarsa wajen iya dambe.

Bahago ne, ƙafar dama ce a gaba. Ka zuba ido a ƙasa za ka ga kullum yana neman ajiye ta a wajen ƙafar hagun abokin karawarsa. Da zarar ta zauna a nan, hannunsa na hagu ya daidaita da haɓa da cikin mutum, shi kuma hannun daman wancan sai ya yi zagaye kafin ya same shi. Yana gama bugu ba baya yake ja ba, gefe yake zamewa, dole ƙato ya ɗaga ƙafafu ya juyo ya sake tsayuwa. Kafin ya gama juyowa an sake taɓa shi. Hannunsa na dama kuma ba ya hutawa: yana taɓa safar abokin karawa, yana danne ta, yana yi kamar zai kawo naushi ya fasa. Duk wannan barazanar sai mutum ya amsa ta da motsi, kowane motsi kuma numfashi ne. Mai kilo 120 da ya saba jefa naushi ya huta, ya sake jefawa ya huta, a gaban Usyk ba ya samun wannan hutun.

Shi ya sa dambensa ke da siffa ɗaya. Rabin farko a yi kankankan, wani lokaci ma yana baya a maki, daga turmi na takwas sai ƙasa ta fara juyawa. Naushinsa guda bai kai na Joshua nauyi ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A turmi na tara na damben Mayu 2024, hagu ɗaya ya girgiza Fury, ya bi shi da ruwan naushi daga wannan igiya zuwa waccan har alƙali ya ƙirga masa don igiya ce ta riƙe shi. Wannan makin ne ya raba gardama: alƙalai biyu suka ba Usyk 115 da 112, da 114 da 113, na uku ya ba Fury 114 da 113. Da haka ya zama na farko da ya haɗe kambunan ajin tun Lennox Lewis a 1999.

Shi ba shi da rauni ne?

Yana da shi, kuma a ciki yake. Joshua ya takura shi da dukan ciki a turmi na tara a Jidda, sai dai ya ƙarar da ƙarfinsa a nan, Usyk ya dawo ya mamaye na goma. Fury ma daga turmi na huɗu zuwa na shida ya same shi da naushin ciki da na ƙarƙashin haɓa, har aka ga yana ja da baya. A 2023 Dubois ya kai shi ƙasa a turmi na biyar da wani naushi da alƙali ya ce ya sauka ƙasa da ƙugu, aka ba shi lokaci ya huta. Har yau akwai masu musu a kan wannan hukunci. Matsalar ita ce kafin ka doki cikinsa sai ka sunkuyo ka saukar da hannu, a nan kuma hagunsa ke jira. Sauran rauninsa shekaru ne, domin a 1987 aka haife shi, kuma salonsa kacokan a kan ƙafa ya dogara.

Fury fa? Wasu na cewa surutu ne kawai.

Ba su yi masa adalci ba. Mutum mai tsawon santimita 206 da ke motsi kamar ɗan ƙaramin aji abu ne da ba a saba gani ba. A 2015 a Jamus, da barazana da kaɗa kafaɗa da sauya tsayuwa daga dama zuwa hagu ya hana Klitschko sakin hannunsa na dama, ya raba shi da kambunan da ya yi shekaru yana riƙe da su. A 2020 kuma ya sauya salo gaba ɗaya don Wilder: ya zo da kilo 124, ya riƙa matsawa gaba, in ya buga sai ya rungume ya kwanta masa a wuya, kamar a ɗora wa mutum buhun shinkafa biyu da rabi a ce ya yi dambe da su. Turmi na bakwai masu horar da Wilder suka jefa tawul, alamar sun sallama. Ga farfaɗowa kuma: a turmi na 12 na dambensu na 2018 Fury ya faɗi warwas a bayansa, kowa ya ɗauka an gama, ya tashi ya ƙarasa turmin yana kai hari.

Rauninsa shi ne ana samunsa. Yana sakin hannuwa ƙasa, yana jingina da igiya ko kusurwa yana wasa da 'yan kallo, ya dogara da kaucewar kai. Steve Cunningham ya kayar da shi a 2013, Wilder sau huɗu a dambe biyu, Francis Ngannou sau ɗaya. Shirinsa ma ba ya zama ɗaya daga dambe zuwa dambe. Kuma dabarar danne mutum da nauyi ba ta ci a kan Usyk ba, domin ba ya tsayawa a rungume shi. Kafin hannu ya zagayo wuyansa ya sulale.

Me ke damun Anthony Joshua? Ga jiki, ga ƙarfi, amma sai a ga ya rushe.

Mun san da yawa a cikinmu shi suke goya wa baya saboda asalinsa na Najeriya, don haka gara a faɗi abin yadda yake. In Joshua na gaba yana jagorantar dambe, kaɗan ne suka fi shi tsabtar naushi: zunguri, dama miƙaƙƙiya, sai na ƙarƙashin haɓa irin wanda ya ɗaga kan Klitschko a turmi na 11 a 2017. Da naushin dama ya kashe Ngannou a turmi na biyu a Riyad.

Haɗarinsa na zuwa ne a daidai lokacin da ya ji wa mutum ciwo. Sai ya shigo ƙarasawa a miƙe, haɓa a sama, ƙafafu a kafe. A 2019 ya kayar da Ruiz a turmi na uku, ya ruga ya gama da shi, Ruiz ya sa masa naushin hagu a gefen kai, daga nan ƙafafunsa ba su dawo ba har aka tsayar a na bakwai. A filin Wembley ranar 21 ga Satumba 2024, bayan ya sha faɗuwa tun turmin farko, ya girgiza Dubois da naushin dama a na biyar, ya matso zai ɗaga naushin ƙarƙashin haɓa daga nesa, hannun da ke tsare fuskarsa ya sauka, gajeriyar dama ta riga shi isa. Kuskure ɗaya ne, shekara biyar tsakani. Ƙari a kan haka, farfaɗowarsa na da jinkiri in aka kwatanta da Fury, kuma tsokar jikinsa na shan iska. Sai yana ɗan shekara 18 ya fara dambe, ya kuma sauya masu horarwa sau da dama bayan 2021, abin da ke sa a wasu damben ka ga kamar yana tunanin wane salo zai bi.

Wa ya fi kowa ƙarfin naushi, kuma me ya sa hakan bai isa ba?

A naushi guda, Wilder. Kafin ya haɗu da Fury a 2018 ya yi dambe 40, ya ci duka, 39 da kisa, alhali sau da yawa bai kai kilo 100 ba. Ƙarfin ba daga nauyi yake ba, daga tsawon hannu ne da saurin da damar ke fita da yadda yake taka ƙafa ya bi ta. A dambensa na biyu da Luis Ortiz a 2019 yana baya a katin duk alƙalan uku, dama ɗaya a turmi na bakwai ta share komai.

Amma makami ɗaya gare shi, kuma yana buƙatar fili da ƙafar baya a kafe. In aka tura shi baya, damar ba ta da tushe. In aka shige masa jiki, ba ta da hanya. Fury ya nuna haka, Parker ya maimaita a Riyad ranar 23 ga Disamba 2023: ya riƙa sunkuyawa yana jefa dama ta sama, bai tsaya a ƙarshen hannun Wilder ba, ya cinye kusan kowane turmi. Zhang kuma ya kashe shi a turmi na biyar da naushin dama na gefe.

Jure duka halitta ce ko ana koyonta? Kuma gaskiya ne Dubois ba shi da zuciya?

Wani ɓangare halitta ce. Abin da ke kashe mutum shi ne juyawar kai farat ɗaya, wadda ke girgiza ƙwaƙwalwa. Shi ya sa naushin gefen haɓa ya fi na goshi haɗari, na bayan kunne kuma ke ɗauke ƙafafu. Ana rage abin da ƙarfafa wuya, da sunkuyar da haɓa, da ganin naushi kafin ya iso, domin wanda ba a gani ba shi ke kisa. Gajiya ma na rage juriya, duka kuma taruwa yake yi da shekaru.

Zancen Dubois ya samo asali ne daga 2020, da ya durƙusa a turmi na goma a gaban Joe Joyce. Ƙashin kwarmin idonsa ne ya karye, kuma wanda ya ci gaba a haka idonsa yake sayarwa. Bayan nan ya tashi daga faɗuwa uku a turmin farko ya kashe Kevin Lerena, ya tsayar da Jarrell Miller da Filip Hrgovic a Riyad, ya kashe Joshua. Rauninsa na gaskiya a dabara yake: a miƙe yake shigowa, kansa ba ya motsi, in ya jefa dama yana daɗewa bai dawo da ita ba. Ta wannan ƙofar Usyk ya shiga ranar 19 ga Yuli 2025, a turmi na biyar.

Me ya sa ba a cika dukan ciki a wannan aji ba?

Saboda haɗarin da muka ambata a amsar raunin Usyk. Amma wanda ya iya, yana cin riba, musamman a kan ƙattai masu ƙarancin numfashi. Agit Kabayel na Jamus ya tsayar da mutum uku a jere a Riyad da wannan aiki: Arslanbek Makhmudov, Frank Sanchez, sai Zhang ranar 22 ga Fabrairu 2025, bayan shi kansa ya faɗi a turmi na biyar. Naushin hagu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wajen hanta, ba ya jin jarumta: mutum na cikin hankalinsa sarai amma ƙafafu su ƙi tashi.

Ngannou ya kayar da Fury, Joshua ya kashe Ngannou. Ke nan Joshua ya fi Fury?

Lissafin dambe ba ya tafiya haka. Ngannou ɗan Kamaru, wanda daga wasan MMA mai haɗa naushi da kokawa ya shigo boksin, ya zo wa Fury a Oktoba 2023 ba wanda ya taɓa ganin boksin ɗinsa, ga shi da ƙarfin kokawa da ya hana Fury danne shi a runguma. Joshua kuwa ya samu turmi goma na bidiyo ya nazarta, kuma miƙaƙƙiyar damarsa ita ce maganin mai tsayawa a gabanka ba ya kaɗa kai. Rauni sai ya gamu da mai iya taɓa shi yake zama rauni.

Da Ali ko Mike Tyson ko Lewis za su iya da na yanzu?

Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa a 1974 kowannensu na wajen kilo 98 zuwa 100 ne, kusan nauyin Usyk, kuma a lokacin turmi 15 ake yi. Nasarorin Usyk sun raunana hujjar masu cewa mutanen zamanin baya sun yi ƙanƙanta. Ali na da ƙafa da zunguri da jure duka. Rauninsa naushin hagu na gefe, wanda Joe Frazier ya kayar da shi da shi a 1971. Tyson, mai santimita 178, ya zama zakara yana ɗan shekara 20 a 1986 da kaɗa kai da shigowa ta ƙarƙashin hannu. Amma dogon da bai ji tsoronsa ba, ya zungure shi ya kuma rungume shi in ya matso, yana ba shi wahala. Haka Buster Douglas ya yi masa a Tokyo a 1990. Fury na 2020 zai zame masa aiki babba. Lewis ne muke ganin zai fi dacewa da kowane zamani: santimita 196, zunguri mai nauyi, dama mai kisa. Sau biyu aka kashe shi da naushi guda, Oliver McCall a 1994 da Hasim Rahman a 2001, ya kuma rama duka biyun.

A daren dambe, me zan duba don in gane wa ke ci kafin a sanar?

Babban dambe a Riyad yakan kai bayan tsakar dare, mu kuma muna gaban Najeriya da awa biyu, don haka a shirya zama. Turmi biyun farko ka bar fuska ka kalli ƙafafu: wa ke tsakiyar fili, wa ke bayansa na kusantar igiya, in kuma ɗaya bahago ne, ƙafar wa ke waje. Sannan ka ƙirga zungurin da ya sauka, ba wanda aka jefa ba. Wanda ya faɗa kan safar hannu ba maki ba ne, ko da 'yan kallo sun yi ihu.

Daga turmi na shida ka koma kallon alamun gajiya: baki a buɗe, hannu na dawowa ƙirji maimakon haɓa, gwiwar hannu ta manne a haƙarƙari bayan dukan ciki, da wanda ke fara neman runguma. A minti ɗaya na hutu ka duba wa ya faɗa kan kujera, wa ya riga tashi. Ka riƙe takarda ka rubuta 10 da 9 a ƙarshen kowane turmi kafin a nuna maimaici, domin maimaicin naushi biyu ko uku kawai yake zaɓowa daga cikin minti uku.